Kuɗin PTA a Makarantun Gwamnatin Tarayya: Abin da Ya Faru a 2016 da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Agustan 2016, iyaye na ta haɗa akwati da katifa domin komawar yara sabuwar shekarar karatu, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da sanarwa a kan makarantun sakandarenta 104, waɗanda aka fi sani da makarantun Unity. Malam Adamu Adamu ne minista a lokacin. Sanarwar ta haramta wa ƙungiyoyin iyaye da malamai, wato PTA, karɓar kuɗin da suke kira na raya makaranta. Ta ce daga ranar babu PTA da za ta sake ɗora tubalin wani aiki sai da izinin ma'aikatar a rubuce. Sannan ta ƙayyade abin da ƙungiyar za ta iya karɓa daga uban yaro: kada ya wuce naira 5,000.

Ma'aikatar ta kafa hujja da makarantu biyu, dukansu a Legas. A King's College, kuɗin da gwamnati ke karɓa daga ɗan aji ɗaya a zangon farko naira 69,400 ne, amma PTA na karɓar 70,000. A kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Yaba kuwa, na PTA ya kai 74,000. Ke nan uba zai biya 139,400 a ɗaya, 143,400 a ɗayar, kuma fiye da rabin kuɗin ba aljihun gwamnati yake shiga ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya a wannan shekarar naira 18,000 ne. Idan ƙaramin ma'aikaci ya yi sa'a ɗansa ya ci jarrabawar shiga King's College, sai ya tara albashinsa na kusan wata takwas, bai ci ba bai sha ba, kafin yaron ya ga ƙofar aji.

Ga kuma yanayin da ƙasar ke ciki. A watan Mayu aka ɗaga litar man fetur daga naira 86.50 zuwa 145, a watan Yuni darajar naira ta zube, kafin ƙarshen Agusta kuma aka tabbatar tattalin arziki ya shiga karaya. Duk ministan da ya fito a irin wannan lokaci ya ce zai rage wa iyaye nauyi, dole a tafa masa. An kuwa tafa.

Sai dai kafin a yanke wa PTA hukunci, yana da kyau a ga yadda ƙungiyar da aka kafa domin iyaye su zauna da malamai a kan tarbiyya da karatun yara ta koma mai karɓar kuɗin da ya fi na mai makarantar.

King's College ta samo asali tun 1909, Queen's College kuma 1927. A 1966 aka buɗe kwalejojin tarayya uku, a Sakkwato da Warri da Okposi. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta faɗaɗa tsarin, inda a 1973 aka buɗe wasu a Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da sauran wurare, da niyyar ɗan Kalaba ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Katsina, su tashi sun san juna. Daga baya aka yi ta ƙarawa: Daura, Azare, Kiyawa, Anka, da na 'yan mata irin su Bakori, Kazaure, Minjibir, Gusau. Kusan dukansu na kwana ne, kuma wannan shi ne jigon maganar. Makarantar jeka-ka-dawo tana iya lallaɓawa da allo da alli. Ta kwana kuwa sai da tukunya sau uku a rana, da ruwan wanka, da banɗaki, da wutar karatun dare, da mai gadi, da ma'aikaciyar jinya.

Da arzikin mai ya ja baya a shekarun 1980, kuɗin gudanarwa ya fara zuwa a makare, in ya zo kuma bai isa ba. Yara na ƙaruwa, gine-gine na tsufa, malami ya yi ritaya ba a kawo madadinsa. A 2006 ministar ilimi ta lokacin, Obiageli Ezekwesili, ta kawo shawarar a shigo da 'yan kasuwa da wasu ƙungiyoyi cikin gudanar da makarantun. Ma'aikata da iyaye da tsofaffin ɗalibai suka yi caa, maganar ta mutu. Makarantun suka ci gaba da zama a hannun gwamnati, giɓin kuma ya ci gaba da zama a inda yake. Shugaban makaranta ba shi da ikon ɗaukar malami, ba shi da ikon ƙara kuɗin makaranta, sannan duk wata buƙata sai ta bi takarda zuwa Abuja ta jira layi. Ƙofa ɗaya ce ke buɗe a kusa da shi, ita ce ta shugaban PTA.

Wanda ya taɓa zama taron PTA a makarantar kwana ya san yadda ake yi. Yawanci ana haɗa shi da ranar ziyara, domin ranar ce iyaye ke cika. Uwa ta taso tun asuba daga wani gari da kular shinkafa da miya, hankalinta na kan 'yarta da motar komawa, ba kan ɗakin taro ba. A ciki an jera manya a babban tebur. Shugaban makaranta zai miƙe ya karanto matsaloli: injin rijiyar burtsatse ya ƙone, yara na fita neman ruwa da bokiti tun kafin sallar asuba, 'yan ajin ƙarshe ba su da malamin lissafi ga jarrabawar WAEC ta matso. Duk gaskiya ne, kowa ma ya gani da idonsa a hanyar shigowa. Sai wani mai babbar riga a sahun gaba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba abin jayayya ba ne, 'ya'yanmu ne. A sa dubu ashirin-ashirin." Wani ya mara masa baya. Shugaba ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Malamin firamaren da ke can baya, mai yara biyu a makarantar, ya san ba zai iya ba, amma wa zai miƙe a gaban jama'a ya ce shi talaka ne? Sai ya yi shiru, sakatare ya rubuta cewa taro ya amince baki ɗaya. Waɗanda ba su shigo ba kuwa, kuma su ne mafi yawa, sai dai su gani a takardar hutu.

Daga nan abin ya sauya kama. Ranar dawowa hutu akwai tebur a bakin ƙofa, ana duba rasit biyu, na gwamnati da na PTA. Wanda bai da na biyun zai tsaya a rana da akwatinsa yana kallon ubansa na roƙo: "Malam, a taimaka a bar shi ya shiga, wallahi ƙarshen wata zan turo." Abin da aka kira gudummawa a ɗakin taro ya zama sharaɗin shiga aji. A ganina a nan ne PTA ta yi asarar hujjarta, tun kafin adadin ya kai dubu saba'in. Ko naira ɗari biyar ce, in dai za a tsare yaro a ƙofa saboda ita, ta tashi daga taimako ta koma haraji, kuma harajin da wasu 'yan tsiraru suka yanka wa kowa.

Amma kuɗin ba iska yake bi ba, aƙalla ba duka ba. Ƙungiyoyin iyaye sun gina ɗakunan kwana da azuzuwa, sun haƙa rijiyoyi, sun sayi motoci da janareto, suna zuba man dizal. Mafi girma daga ciki shi ne albashi. A makarantun tarayya akwai wani rukuni da kowa ya sani da "malaman PTA": masu digiri, suna shiga aji ɗaya da malaman gwamnati, suna gyara takardun jarrabawa iri ɗaya, amma PTA ce ta ɗauke su, ita ke biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, babu fansho, babu ƙarin girma. Haka masu dafa abinci da masu shara da masu gadi da dama. Aikin gini yana da ranar gamawa. Albashi ba ya da ita. Ƙungiyar da ta ɗauki malami ta ɗaura wa kanta igiyar da ba ta kwancewa, domin duk wata sai ta nemo kuɗi, kuma hanya ɗaya tilo da za ta tabbatar sun shigo ita ce wancan tebur na bakin ƙofa.

Ita ma ma'aikatar tana da nata ƙorafin mai tushe. Iyaye da yawa ba sa bambance kuɗin gwamnati da na PTA, su dai sun san sun biya makarantar tarayya dubu ɗari da arba'in, zagin kuma gwamnati ke sha. Bayan haka, tun 2015 gwamnatin Muhammadu Buhari ta tilasta wa hukumominta zuba kuɗaɗen shiga a asusun bai ɗaya na TSA, don haka kuɗin makaranta ya koma ana biyansa ta manhajar biyan kuɗi ta Remita, ana ganinsa daga Abuja. Kuɗin PTA kuwa na asusun ƙungiya ne a bankin kasuwanci, masu sa hannu mutum biyu ko uku. Inda miliyoyi ke taruwa, ga kwangilar gini, ga sayen mota, ba mai binciken kuɗi daga waje, ba sai an yi wa kowa ƙazafi ba kafin a gane cewa zaɓen shugaban PTA zai fara kama da zaɓen shugaban ƙaramar hukuma. Akwai kuma uwar ƙungiyar PTA ta makarantun tarayya ta ƙasa baki ɗaya, wadda a watannin da suka gabaci sanarwar ta fito tana sukar ƙarin kuɗin makaranta. Ma'aikatar ta dube ta a matsayin wata hukuma ta biyu da ke gogayya da ita, tana kuma ƙara wa iyaye nauyi. Don haka sanarwar ba tausayi ba ne zalla, akwai nuna wa juna iko a ciki.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A daidai lokacin da aka rage na PTA zuwa 5,000, sabon kuɗin gwamnati na ɗan aji ɗaya ya tashi zuwa 83,000. In ka haɗa, 88,000. Ga uban da ke King's College wannan sauƙi ne na gaske, an rage masa 51,400. Na Yaba kuma 55,400. To amma a ɗauki wancan 69,400 a matsayin ma'auni a yi lissafi: gwamnati ta ƙara 13,600 a nata ɓangaren. Duk makarantar da PTA ɗinta ke karɓar ƙasa da 18,600 a da, uban yaro bai samu ragin ko kwabo ba, ƙari ma ya samu. Misalan da aka kafa hujja da su na Legas ne, inda iyaye da yawa manyan ma'aikata ne da 'yan kasuwa. Aljihun uban da ya kai 'yarsa Bakori ko ɗansa Anka daga kuɗin wake da gero ba irin nasu ba ne. An auna maganin da ciwon Legas, aka ba kowa ya sha.

Sannan a duba abin da dubu biyar za ta iya. A ƙaddara makaranta mai yara 1,500, kowa ya biya, ba wanda ya nemi afuwa: naira miliyan bakwai da rabi ke nan a zango. A ƙaddara tana da malaman PTA talatin, kowanne na karɓar 30,000 a wata. Zango da hutunsa wata huɗu ne, albashinsu kaɗai ya cinye miliyan uku da dubu ɗari shida. Ba a zo kan masu dafa abinci ba, ba a sayi dizal ba, injin rijiya bai ƙone ba tukuna. Wannan lissafin misali ne kawai, amma ya isa ya nuna cewa ƙayyade kuɗin yana da ma'ana ne idan mai makarantar ya karɓi kayan da ya sauke daga kan iyaye. Sanarwar ta faɗi abin da PTA ba za ta ƙara yi ba. Malaman da PTA ke biya kuwa suna nan a azuzuwansu, kuma shekara da shekaru bayan haka sun ci gaba da kai kokensu Abuja suna neman a mayar da su cikakkun ma'aikata.

Buƙata ba ta mutuwa don an hana ta suna. Duk wanda ya kai yaro makarantar kwana ya san jerin kayan da ake ba shi: rim ɗin takarda, tsintsiya, fatanya, sabulun wanki, maganin wanke banɗaki, wani lokaci har da kwan fitila. Ya san kuɗin darasin yamma, da na rigar wasanni, da na bikin yaye ɗalibai. Ya san rukunin WhatsApp na iyayen aji, inda ake cewa "don Allah a taimaka da abin da ya sawwaƙa" sannan a riƙa jero sunayen waɗanda suka biya, wanda bai ga sunansa ba ya ji kunya. Wannan ya fi tsohon tsarin duhu, domin kuɗin PTA ko ba komai yana da rasit, yana da ma'aji, akwai ranar da za a iya tsayar da shi a tambaye shi.

Akwai wani abin lura ta fuskar doka. Dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantun gwamnati, ta kuma tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka. Shi ya sa gwamnati kan dage cewa ita ba ta karɓar kuɗin koyarwa a makarantun Unity, abin da ake biya na kwana ne da abinci da yunifom da littattafai. Amma idan kuɗin iyaye ne ke biyan malamin lissafin ɗan aji biyu, ai kuɗin koyarwa aka biya, ko da me aka rubuta a kan rasit. Irin wannan sarƙaƙiya ce ke fitowa a jihohi duk lokacin da gwamna ya yi shelar ilimi kyauta, kamar yadda Kano ta yi a 2019: an hana hedimasta karɓar ko sisi, shi kuma yana kallon rufin aji da iska ta yaye.

To me ya kamata PTA ta yi da kuɗi, me kuma bai kamata ba? Abin da wannan lamari ya nuna mini shi ne iyaye ba sa ƙyashin abin da za su gani. Ka ce musu rijiya za a haƙa, ga takardun farashi daga kamfani uku an manna a allo, ga ranar farawa, ga ranar da za a buɗe famfo, za su bayar, wani ma ya ba da fiye da abin da aka nema, mai tifa ya kawo yashi, birkila ya ba da kwana biyu. Mutanenmu sun saba da aikin gayya da karo-karo, da haka aka gina masallatai da Islamiyyu ba adadi. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne kuɗin da ba ya da ƙarshe kuma ba ya da fuska: zango bayan zango ana biyan "raya makaranta", banɗakin kuma yana nan yadda yake.

Akwai kuma hanyar da ta fi dacewa da manyan ayyuka, wadda ba ta bi ta aljihun mai yaro a aji ɗaya. Makarantun tarayya sun yaye gwamnoni da ministoci da shugabannin bankuna, suna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, har da uwar ƙungiyarsu ta USOSA. Ajin da ya cika shekara ashirin da biyar da gamawa yakan dawo ya gyara ɗakin gwaje-gwaje ko ɗakin kwana, kuma ba a tsare kowa a ƙofa saboda haka. Gidauniya ma tana aiki, in dai an san halinta: a ranar taro za a ji alƙawarin miliyoyi ta lasifika, maroƙi na kirari, amma abin dogaro shi ne wanda ya shiga asusu kafin a naɗe rumfa. Kwamitin da ya fara gini da lissafin alƙawari yakan bar kango.

Ƙa'idojin da ke tsare mutuncin ƙungiya ba su da wuyar faɗa, aiwatarwa ce ke son jajircewa. Shawarar kuɗi a aika ta ga iyaye a rubuce tun kafin taro, a kuma yi ƙuri'a a takarda maimakon ɗaga hannu, domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya cewa a'a ba tare da ya tozarta ba. Mai yara uku a yi masa ragi, maraya a yafe masa, ba tare da an kira sunansa a taro ba. Shugaban makaranta kada ya zama mai sa hannu shi kaɗai, shugaban PTA ma haka, kuma ɗan kwamiti ba ya karɓar kwangila. A samu wani daga cikin iyaye mai ilimin akanta, wanda ba ya cikin shugabanni, ya duba littafi kowace shekara ya karanta sakamakon da bakinsa. Batun albashi kuwa, in har ya zama dole, a rubuta wa'adinsa, a riƙa aika wa ma'aikatar da 'yan majalisar yankin sunayen darussan da ba su da malami, kowane zango. Ƙungiyar da ke da iyaye dubu tana da murya, kuma sau da yawa saurin zura hannu a aljihu ne ke hana ta amfani da ita. Muddin iyaye na toshe ɓaraka a ɓoye, takardar da ke teburin Abuja za ta nuna komai lafiya.

A watan Yulin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, labarin wani sabon jadawalin ma'aikatar ya fito fili: sabon ɗalibi a makarantun Unity zai biya naira 100,000 a zangon farko. Iyaye suka koka, gwamnati ta maimaita cewa koyarwa kyauta ce, kuɗin na kwana da kayan karatu ne. Adadin makarantun ma ya haura 104 na wancan lokaci, domin an buɗe sababbi, kowacce da ɗakunan kwananta da tukunyarta da buƙatar malamanta, kowacce kuma da PTA ɗinta.